Kamfen Gida-Gida: Yadda Ake Yinsa, da Amsar da Za Ka Bayar Idan Aka Ce "Ɗan Wane Yare Ne?"

A zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, ƙuri'a 342 ce ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu, a jihar da mutum sama da miliyan ɗaya suka kaɗa ƙuri'a. A Kano, a wannan shekarar, bayan an ce zaɓe bai kammala ba an sake shi a wasu rumfuna, tazarar da ke tsakanin Ganduje da Abba Kabir Yusuf ba ta kai dubu tara ba. A Kaduna kuwa, a 2023, dubu goma da 'yan kai ne tsakanin Uba Sani da Isa Ashiru. Mutum 342 ai layi biyu ne ko uku a Rigasa ko Kurna.

Sai ka haɗa wannan da wani lissafin. Mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajistar INEC a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, amma waɗanda suka fito ba su cika miliyan 25 ba, wato wajen kashi 27 cikin ɗari. Waɗanda suka yi zamansu a gida sun fi magoya bayan Tinubu da Atiku da Obi da Kwankwaso yawa, ko da an tattara su wuri guda. Su ne kasuwar mai bin gida-gida. Gangamin filin wasa ba ya kaiwa gare su, waƙar siyasa kuma ta kunnensu take wucewa. Wasu malaman jami'ar Yale biyu, Alan Gerber da Donald Green, sun gwada abin a garin New Haven na Amurka a 1998: wasu gidaje aka aika musu takarda, wasu aka buga musu waya, wasu aka je musu da ƙafa. Zuwa da ƙafa shi ne ya fi fito da mutane nesa ba kusa ba, wayar kuwa kusan ba ta tsinana komai ba. Mu da muka san zuwa da kai ya fi saƙo, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Wannan jagora na ɗan sa-kai ne, namiji ko mace, da ke son yi wa ɗan takara aiki a unguwarsu, musamman a garuruwan da yare da addini suka cakuɗa irin su Kaduna, Jos, Zariya, Yola da Kano.

Mataki na farko: abin da za ka sani kafin ka taka ƙofar kowa

Ka zauna ka tambayi kanka dalili uku da suka sa kake bin wannan mutumin, dalilan da za ka iya faɗa a gaban wanda ba yarenku ɗaya ba, ba addininku ɗaya ba, ba tare da ka sassauta murya ba. Idan duk abin da ka samu shi ne "namu ne", to da saura, ba ka shirya fita ba. Je ka nemo abin da ya yi a baya, abin da ya ce zai yi, da abin da kujerar da yake nema take da ikon yi. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi. Ɗan majalisar jiha ba ya rage kuɗin man fetur, kansila ba ya ɗaukar sojoji. Ɗan sa-kan da ya yi alkawarin abin da ya fi ƙarfin ofishin, shi za a tare a bakin masallaci bayan shekara guda, ba ɗan takarar ba.

Sannan ka san wanda za ka riƙa kai wa rahoto. Jam'iyya tana da shugaban mazaɓa, da shugabar mata, da shugaban matasa. Ka gabatar da kanka, ka ce ga rumfar da kake so ka riƙe. Ka yi maganar kuɗi tun da wuri, a fili: za a ba ka na mota da na kati, ko kuwa aljihunka ne? Rigimar da ta fi tarwatsa tawagar kamfen ita ce ta "an bayar ba a ba mu ba".

Doka ma sai ka san bakin zarenta. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta buɗe kamfen kwana 150 kafin ranar zaɓe, ta rufe shi saura awa 24. Ta hana kamfen a wuraren ibada, ofisoshin 'yan sanda da na gwamnati. Ta hana zagi da kalaman da za su tunzura wata ƙabila ko addini. Sashe na 97 ya fito ƙarara: wanda ya yi kamfen bisa dalilin addini, ƙabila ko ɓangaranci, tararsa tana iya kaiwa naira miliyan ɗaya, ko ɗaurin wata goma sha biyu, ko duka biyun, jam'iyya kuma miliyan goma. Majalisa takan taɓa dokar kafin kowane babban zaɓe, don haka ka nemi wadda ake aiki da ita a ofishin jam'iyya, tare da jadawalin INEC na wannan zagayen.

Mataki na biyu: rumfa ɗaya, littafi ɗaya

Nijeriya tana da rumfunan zaɓe 176,846 a mazaɓu 8,809. Kai rumfa ɗaya kawai kake buƙata. Kada zumuɗi ya sa ka ce za ka riƙe mazaɓa sukutum. Wanda ya ce zai bi ko'ina, ƙarshenta majalisar abokansa kawai zai riƙa zagayawa.

INEC tana ba jam'iyyu kwafin rajistar masu zaɓe. Ka nemi shafukan rumfarka. Ka nemi kuma sakamakon rumfar a zaɓen da ya wuce, wato takardar EC8A, wadda wakilin jam'iyya ya karɓi kwafinta, an kuma ɗora da yawansu a IReV, shafin intanet da INEC ke ɗora sakamako. Abu biyu za ka duba: mutum nawa ke cikin rajista, mutum nawa aka tantance. Giɓin da ke tsakani shi ne aikinka. Idan rajista ta ce 700 amma 190 suka fito, kada ka ɓata dare kana tunanin yadda za ka ƙwace 90 ɗin abokin hamayya. Akwai mutum 510 da ba wanda ya riƙe.

Sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka zana layukan unguwar, ka ba kowane gida shafi ko rabin shafi. Abin da za ka riƙa rubutawa: sunan da aka san gidan da shi, masu shekara 18 zuwa sama su nawa ne, su nawa ke da kati a hannu, abin da suka koka a kai, da inda suka karkata. Ga karkatar, alama huɗu ta isa: namu, mai jinjinawa, na wani, ba ya zaɓe. Ka rubuta gaskiya. Bahaushe da kara, zai ce maka "in sha Allahu muna tare" don kada ya kunyata ka a ƙofar gidansa, kuma haka zai ce wa wanda zai zo bayanka. Wanda bai ce komai ba sai "Allah ya zaɓa mana mafi alheri", mai jinjinawa ne, kada ka sa shi a namu.

Abu ɗaya da ba zai shiga littafin ba shi ne lambar katin zaɓen mutum. Kada ka rubuta, kada ka ɗauki hotonsa, kada ka karɓi katin da sunan ajiya. Saye da sayar da katin zaɓe laifi ne mai ɗauri, kuma ko da zuciyarka fari ce, da zarar an ce "masu karɓar lambar kati ne" unguwa ta rufe maka ƙofa.

Mataki na uku: gaisuwar manya da haɗa tawaga

Kafin gidan farko, gidan mai unguwa. Ba goyon bayansa za ka nema ba, shi uban kowa ne, neman hakan ma sa shi a tsaka-mai-wuya ne. Cewa za ka yi: "Allah ya ja da ran mai unguwa, mun zo sanar da kai ne za a riƙa ganinmu muna shiga gidaje, kada a ga baƙin fuska a yi zaton wani abu." Haka za ka yi wa limami da fasto, a gidajensu, ba a masallaci ko coci ba. Inda akwai 'yan sintiri, su ma a gaya musu. A unguwa irin Sabon Garin Kano ko na Zariya, akwai shugabannin al'ummomin Ibo da Yarbawa da sauransu. Su ma a je a gaishe su tun farko, ba sai saura mako guda ba.

Ba a fita mutum ɗaya, ba a kuma fita mutum goma. Biyu ko uku. Lallai da mace, kuma ba don cika lissafi ba. Gidan da aka rubuta "ba a shiga", namiji iyakarsa zaure ko dakali, ga shi kuwa a cikin gidan ƙuri'un suke: uwargida, amarya, 'yan mata, surukai, kaka. Duk wanda ya taɓa ganin layin mata ranar zaɓe a Kano ko Katsina ya san da wa ake cin zaɓe. Matan Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba a NEPU, wadda ta sha ɗauri a kan hakan. Mace mai shiga gidaje ta fi kyau ta kasance wadda aka sani: mai kitso, mai adashi, malamar Islamiyya, ungozoma, ko 'yar zumuntar mata idan unguwar Kirista ce.

Wanda ba za ka ɗauka ba, komai zaƙewarsa: yaron da aka san shi da shaye-shaye ko sara. Mutane suna auna ɗan takara da fuskar da ta zo musu.

Mataki na huɗu: lokaci da shiga

Magidanta ana samunsu bayan la'asar zuwa magariba, ko da hantsi ranar da ba aiki. Mata a cikin gida sun fi samun sukuni bayan an sallami 'yan makaranta kafin a ɗora na rana, ko tsakanin azahar da la'asar. Kada ka je lokacin sallah, ko ranar Juma'a daf da masallaci, ko safiyar Lahadi a unguwar masu zuwa coci. Bayan isha'i a bar mutane su huta. Gidan da ake zaman makoki, ka yi ta'aziyya ka wuce, ko takarda ɗaya kada ka fitar.

Game da hula da riga mai hoton ɗan takara: a unguwar da kuke da ƙarfi ba laifi. A inda aka rabu, ka sa kayanka na yau da kullum, ka riƙe takardar a jaka. A Kano launin hula kaɗai ya isa a yanke maka hukunci kafin ka buɗe baki.

Mataki na biyar: a bakin ƙofa

Sallama, sannan ka ja gefe, kada ka tsaya kana leƙen tsakar gida. Gaisuwa cikakkiya, ba ta mai sauri ba. Sai ka faɗi ko kai wane ne ta hanyar da za a gane ka: "Baba, ni ne ɗan gidan mai gyaran keke na bayan makaranta. Muna zagayawa ne a kan zaɓen da ke tafe, ina yi wa wane aiki. In ba ka cikin uzuri, minti biyar muke roƙo." Ka faɗi wanda kake yi wa aiki tun a jimlar farko. Masu ɓoyewa da sunan "ƙungiyar wayar da kai", in aka gano su, ba a sake yarda da su.

Daga nan sai tambaya, ba jawabi ba. "Baba, a ganinka mene ne ya fi damun layin nan?" Ka yi shiru. Zai yi maganar taransifoma da ta ƙone, ko kwatar da ke cika gidaje da damina, ko masu ƙwacen waya, ko ɗansa da ya gama karatu yana zaune. Ka bar shi ya kai aya, ko da zagin 'yan siyasa yake yi, har da naka. A ganina kashi biyu cikin uku na ziyarar nasa ne, ɗaya naka. Idan ya gama, ka ɗauko abu guda daga abin da ya faɗa wanda ɗan takararka ke da magana a kai, ka tsaya a nan. In ba shi da magana a kai, ka ce za ka kai saƙon, ka rubuta a gabansa, ka kuma kai.

Sai tambayoyin aiki: akwai kati? Kowa ya karɓi nasa? An san inda rumfar take? Wannan ta ƙarshen ba wasa ba ce. A 2021 INEC ta ƙara rumfuna sama da dubu 56, an kuma mayar da wasu masu zaɓe sababbin wurare, mutane da dama sun je tsohuwar rumfarsu a 2023 ba su ga sunansu ba. Ka duba musu a rajistar da ke hannunka. Wanda ya ƙaura daga wani gari, ka nuna masa yadda ake neman sauyin rumfa tun rajista tana buɗe. Wanda katinsa ke kwance a ofishin INEC na ƙaramar hukuma, ka gaya masa ranakun karɓa. Da kansa zai je, ba a karɓar wa wani.

Wanda ya ce shi na wancan ɓangaren ne, ka yi godiya, ka yi masa fatan alheri, ka wuce. Musun rabin awa a ƙofar mutum bai taɓa sauya ɗan a-mutun jam'iyya ba, kuma a wannan rabin awar da ka shiga gida uku.

Mataki na shida: "To me kuka kawo mana?"

Za a tambaya, a gida na farko ma. Kada ka ɓata rai, kada ka yi wa'azi. Wadda ta tambaye ka taliya da sabulu ba jahila ba ce. Ta ga zaɓe biyar ko shida, ta lura cewa abin da ta karɓa kafin zaɓe shi ne kaɗai abin da ya taɓa isowa hannunta. Ka amsa da fara'a: "Hajiya, wallahi ni ma ƙafata ce jarina. Ban zo da komai ba sai littafin nan, abin da kika faɗa shi zan kai." Wasu za su juya maka baya. Wasu kuma daga nan hirar gaskiya take farawa.

Idan daga sama aka ba ka kuɗi ko kaya aka ce ka raba da sharaɗin ƙuri'a, ka sani laifi ne a doka ga mai bayarwa da mai karɓa, kuma wanda ake kamawa da ambulan a hannu shi ne ƙaramin, ba mai gidan ba.

Mataki na bakwai: maganar yare da addini

Nan ne wurin da ya fi buƙatar shiri, domin tambayar tana zuwa ta fuska biyu, kuma ta biyun ta fi haɗari.

Fuska ta farko: ɗan takararka ba yaren mai gidan ba ne, ko ba addininsa ba. Zai ce, "Yanzu kai da hankalinka, ka rasa wanda za ka kawo mana sai wannan?" Kada ka yi kamar ba ka ji ba, kada kuma ka ce masa ƙabilanci yake yi, daga ka faɗi haka hira ta ƙare. Ka tambaye shi abin da yake tsoro. Sau da yawa a ƙarƙashin maganar akwai wani abu takamaimai: za a hana 'ya'yanmu takardar shaidar ƙaramar hukuma, za a rushe mana kasuwa, za a hana mu filin masallaci ko na coci, za a manta da unguwarmu wajen aiki, in rikici ya tashi jami'an tsaro ba za su zo mana ba. Waɗannan ba tatsuniya ba ce, wasu sun faru da shi ko da danginsa. Mutumin da ya bar gidansa a Kaduna a rikicin 2000 ya tsallaka kogi ya koma inda 'yan'uwansa suka fi yawa, ba ka da bakin ce masa tsoronsa shirme ne. Amma tsoro takamaimai yana da amsa takamaimiya: ga abin da ɗan takarar ya yi lokacin da yake riƙe da kaza, ga waɗanda yake aiki da su, ga wanda za ka iya zuwa ka tambaya a cikin mutanenku. In ba ka da amsa, ka ce za ka tambayo ka dawo. Ka dawo ɗin.

Tarihi ma yana taimakawa, in an faɗe shi a taƙaice ba da sigar lacca ba. A zaɓen 12 ga Yuni, 1993, Abiola Bayerabe ya kayar da Bashir Tofa a jihar Kano, mahaifar Tofan. Dattawan unguwa da yawa su suka kaɗa waɗannan ƙuri'un da hannunsu, tuna musu kawai za ka yi.

Fuska ta biyu: ɗan takararka yarenku ɗaya da mai gidan, addininku ɗaya, abokin hamayya kuma ba haka ba. Mai gidan zai yi maka tayin gajeriyar hanya da kansa: "Ai ba sai ka yi dogon bayani ba, wa zai bar nasa ya zaɓi wancan?" Ƙuri'a ce a tafin hannu, abin da ake so kawai ka gyaɗa kai. Shawarata kada ka gyaɗa. Ka ce, "Mun gode, Baba, amma ni ba don haka nake binsa ba, ga dalilina," ka kawo ɗaya daga cikin ukun nan naka. Ba ka yi masa musu ba, ba ka kuma sa hannu ba.

Me ya sa za ka wahalar da kanka? Ban da dokar da aka ambata, akwai lissafi. Tsarin mulkin 1999 bai bar mutum ya zama shugaban ƙasa da yawan ƙuri'a kaɗai ba, sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Gwamna ma haka, a ƙananan hukumomin jiharsa. An tsara shi ne don kada kowa ya hau da mutanensa su kaɗai. Kuma yanzu ba maganar da ke tsayawa a zaure. Abin da ka faɗa a Tudun Wada da la'asar, wani yaro ya naɗa a waya, kafin isha'i yana yawo a WhatsApp ɗin Sabon Tasha da sunan ɗan takararka a kai. Ka samo ƙuri'a ɗaya da dama taku ce, ka zubar da ɗari da wata 'yar sa-kai ta sha rana tana tarawa.

Bayan lissafi kuma akwai jini. A Nuwamban 2008, zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya rikiɗe ya zama faɗan da ya ci ɗaruruwan rayuka cikin kwana biyu. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya mutum sama da 800 da aka kashe cikin kwana uku a jihohin Arewa 12, mafi yawansu a kudancin Kaduna, wuraren Zonkwa da Kafanchan, ga kuma masu yi wa ƙasa hidima da aka kashe a Bauchi. Ba a ranar aka ƙirƙiro ƙiyayyar ba. An yi watanni ana zuba ta a kunnuwa, a majalisa da zaure da wurin mai shayi, cewa in wancan ya ci mun shiga uku. 'Yan takarar da aka yi dominsu ba su aka kashe ba, wasunsu ma daga baya sun koma jam'iyya ɗaya suna cin abinci tare.

Saboda haka tawagarka ta yi yarjejeniya tun kafin fita. Sunayen raini da ake kiran wasu da su, irin su arne, ko nyamiri, ko kiran duk wanda ba Bahaushe ba "ƙabila", ba a bakinku ba, ko da wasa, ko da ku kaɗai ne a mota. Saƙon murya ko bidiyon da aka turo cewa ɗan takarar wancan ɓangaren ya zagi addini ko ya yi alkawarin korar wasu, ba a tura shi gaba, ba a kunna wa kowa a ƙofar gida. Wanda ya karya, a ajiye shi, ko da shi ya fi kowa kawo mutane.

Akwai kuma kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi: tsallake gida saboda sunan da ke rajista. An ga Chukwu ko Bitrus ko Adebayo, sai a ce wannan ba namu ba ne, a wuce. Ko a unguwar Kirista a ga Abdullahi a ce ɓata lokaci ne. Wannan ma yanke hukunci ne da yare. Mai shagon kayan gyaran mota da ya shekara talatin a Sabon Gari, kwatar da ke damunka ita ke damunsa, kuma mai yiwuwa ba wanda ya taɓa zuwa ƙofarsa neman ƙuri'a. A irin wannan gida ka tafi da wanda suka sani, ka gaisa yadda suke gaisawa. "Sannunku da gida" tana shiga ko'ina. In Hausarsa ba ta nuna ba, a juya zuwa Turanci ko Burokan, ba abin kunya ba ne.

Mataki na takwas: tsaron kai

Wani ya san layin da kuke da lokacin da za ku dawo. Waya da caji. In kun hango tawagar wata jam'iyya a layi, ku gaisa ku sauya layi. Ba a yage fastar kowa, ba a liƙa taku a bangon mutum sai da izininsa. In 'yan daba suka tare ku, ba a jayayya, ku ba da hanya ku kai rahoto. In gari ya ɗauki zafi, a dakata. Littafin ba zai ruɓe ba.

Mataki na tara: komawa, da makon ƙarshe

Ziyara ɗaya gaisuwa ce kawai. Ta biyu ta masu jinjinawa ce, kuma da amsar abin da suka tambaya za ka koma. Ta uku, a makon ƙarshe, ta namu ce zalla, waɗanda suka yarda amma ba lallai su fito ba. A nan ba a sake tallar ɗan takara. Tambaya ake yi: da ƙarfe nawa za ki fita, Inna? Wa zai riƙe yara? Da wa za ku tafi? Katin yana ina yanzu? Mutumin da ya faɗi da bakinsa cewa bayan ya karya zai fita tare da maƙwabcinsa, ya fi wanda ya ce "in Allah ya kai mu" kusa da rumfa. Ka tuna musu ana hana zirga-zirgar ababen hawa ranar zaɓe, don haka tsofaffi da marasa lafiya sai an yi musu tanadi tun jajibiri. Su da masu juna biyu da masu buƙata ta musamman ana ba su fifiko a layi.

Ka koya musu dangwale. Takardar ƙuri'a alamar jam'iyya take ɗauke da ita, ba hoton ɗan takara ba, kuma wasu alamomin suna kama da juna ga wanda idonsa ya yi rauni. Yatsa ɗaya, cikin akwatin alama ɗaya, a kula wajen naɗewa kada tawada ta shafi wani gurbin. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'a sama da dubu 900 aka soke. A wannan zaɓen an buɗe rumfuna ne daga 8:30 na safe zuwa 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin rufewa yana da haƙƙin ya yi zaɓe. Na'urar BVAS tana tantancewa da yatsa ko da fuska, don haka wanda yatsansa ya ƙi kada ya yi fushi ya tafi.

Saura awa 24, kamfen ya ƙare. Ranar zaɓe ba riga, ba hula, ba takarda, ba kiran sunan jam'iyya kusa da rumfa. Dokar 2022 ta ce tazarar mita 300. Ka kaɗa taka da wuri. Wajen sha biyu ka duba littafi ka ga su wa ba a gani ba, ka leƙa ka ce layi ya ragu. In an gama, mai son tsayawa ya ga ƙirge ya tsaya cikin natsuwa, abin da magoya bayan Buhari suka riƙa kira a kasa, a tsare, a raka. Sa hannu a takardar sakamako da ƙorafi aikin wakilin jam'iyya ne mai ɗauke da katin INEC, ba naka ba. Ka ɗauki hoton sakamakon da aka liƙa, ka aika wa shugaban mazaɓa, kada ka yaɗa wani adadi da ba ka gani da idonka ba.

Mataki na goma: bayan an sanar

Ko an ci ko an faɗi, cikin mako biyu ka sake bin layukan ka yi godiya, har gidajen da ka san ba ku suka zaɓa ba. In kun ci, a hana yaran tawaga zuwa yin ihu a ƙofar waɗanda suka faɗi. Ka ware koke-koken da ka tara, ka jera su bisa yawan gidajen da suka ambace su, ka kai wa wanda ya ci ko da ba naka ba ne, kwafi ɗaya kuma ga mai unguwa. Shafukan da ke nuna wane gida ya karkata ina kuwa, ba a ba kowa su, ko shugaban jam'iyya ne ya nema: a unguwar da aka cakuɗa, irin wannan jerin in ya faɗa hannun da bai dace ba yana iya zama jerin gidajen da za a hana tallafi, ko abin da ya fi haka muni. Ka cire adadin kawai ka ba jam'iyya, namu kaza, masu jinjinawa kaza, waɗanda ba su da kati kaza, sauran ka yage ka ƙona.